Idan Fayil ɗin Log Ya Ɓata a SQL Server

SQL Server manhaja ce ta kula da rumbun bayanai, log kuwa fayil ne da ke rubuta kowane canji da aka yi wa rumbun. Masu kula da rumbun bayanai da suka tattauna abin da za a yi idan log ya ɓata bakinsu ɗaya kan abu na farko: a kwafi fayil ɗin mdf, wato babban fayil ɗin da ke ɗauke da bayanan, a ajiye gefe kafin a taɓa komai. In akwai kwafin ajiya (backup) mai kyau da aka ɗauka tun kafin matsalar, a maido daga gare shi, magana ta ƙare.

In babu, sai a duba yadda rumbun ya rufe. Wanda aka kashe lafiya lau, ba aikin da ya rage a buɗe, umarnin CREATE DATABASE tare da FOR ATTACH_REBUILD_LOG zai ƙirƙiro masa sabon log. Wanda kuwa wuta ta ɗauke masa ana tsakiyar aiki, wannan hanya ba za ta yi ba. Shi ya sa suka ja kunne: kada a cire rumbun daga saba (server) in ya nuna RECOVERY_PENDING, wato alamar ya kasa fara farfaɗowa, domin mayar da shi wahala ne.

Mafita ta ƙarshe ita ce a sa rumbun a yanayin gaggawa na EMERGENCY, sannan SINGLE_USER (mutum ɗaya kaɗai ke iya shiga), a gudanar da umarnin duba lafiyar rumbu DBCC CHECKDB da zaɓin REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS, wato gyaran da zai iya jawo asarar bayanai. A nan ne aka fi ja-in-ja, kuma ina ganin masu tsoron wannan hanya sun fi gaskiya. Log ne ke warware aikin da bai kammala ba. In babu shi, ana iya cire kuɗi daga asusu ɗaya ba su shiga ɗayan ba, CHECKDB kuma ya ce komai lafiya, don tsarin shafuka yake dubawa, ba ma'anar lissafi ba.

Bayan gyara a gudanar da DBCC CHECKCONSTRAINTS, umarnin da ke duba ko bayanan na bin ƙa'idojin da aka gindaya musu, a ɗauki cikakken kwafin ajiya nan take, tunda sarƙar kwafin log ta riga ta tsinke.