Wane wasa ne ke biya da gaske?

Isuhu: Salamu alaikum ƴan fada. Ƙanena ya dame ni da wasannin nan na blokcen, wato fasahar da kuɗin intanet ke tafiya a kanta, da ake cewa ana samun kuɗi, wanne kuke gani ya fara da shi?

Rabi: Ba shi ne ke da BEPC bana ba?

Mamman Sani: Isuhu don Allah ka hana shi. Ni na yi wani na latse-latse, kullum sai ka shiga ka karɓi ladan rana, in ka tsallake kwana guda lissafin ya koma farko, to ko kuran ya ɗauke nan Tawa sai in tafi wurin mai caji da dare don kar in rasa, ana shayi ana hira ni yatsana na kan waya. Sannan su ce gayyato mutane a ƙara maka, har ƴan uwa suka daina buɗe saƙona. Kuma wallahi babu daɗin komi ciki, tsoron asara kawai ke riƙe mutum. Ranar rabo abin da ya fito bai kai kuɗin forfe ɗin da na ƙona ba.

Abdu: Amma Notcoin, wasan latse-latsen nan na Telegram, ya biya mutane a 2024, wannan ba ƙarya ba ce.

Mamman Sani: Waɗanda suka shiga da wuri.

Malam Habu: Yara ku duba wasan Axie Infinity. A 2021 ƴan Filifin sun maida shi sana'a, masu hali na ba da aron dabbobin wasan a raba SLP ɗin da aka samu, wato kuɗin cikin wasan. Kowa na hako SLP yana saidawa, masu saye kuwa sababbin shiga ne, da suka ragu farashi ya faɗi warwas, jama'a suka watse. A Maris 2022 kuma aka sace sama da dalar Amurka miliyan 600 a Ronin, blokcen ɗin da wasan ke kai.

Abdu: Malam ai wancan sai ka sa jari, na Telegram kyauta ne

Rabi: Kyauta? Forfe fa? Kuma kai Abdu ka daina turo mana linki da asuba.

Abdu: Sau ɗaya ne fa Rabi!

Rabi: Har inna ka tura ma, ta kira ni tana tambaya ko kuɗi ne aka aiko mata.

Nuhu: Ni dai shawarata, ya gwada wasan mako guda ba tare da duba walet, wato asusun da kuɗin wasan ke shiga, ba, in yana son komawa to ya ci gaba. Kuma kar ya ba kowa kalmomin sirrin nan 12 na buɗe walet.

Isuhu: To wanne ke nan?

Nuhu: Wace waya gare shi tukun?