Tsakanin rubuta SQL da hannu da dogaro da ORM: wanne ya dace da manhajar makaranta?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan fanni. An ba ni aikin gina manhajar da wata makarantar sakandare mai zaman kanta za ta riƙa ajiye sunayen ɗalibai, da kuɗin makaranta, da sakamakon jarrabawa, kuma na zaɓi Django, wato tsarin gina manhajar yanar gizo da yaren kwamfuta na Python, tare da rumbun bayanai na PostgreSQL. Matsalata ita ce, abokin aikina ya dage cewa mu rubuta dukkan umarnin SQL, wato yaren da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, da hannunmu, domin a ganinsa ORM, wato manhajar da ke tsayawa tsakanin mai rubuta shiri da rumbun bayanai tana mayar da abin da ya rubuta da Python zuwa SQL, tana jawo nauyi da jinkiri, kuma tana ɓoye wa mutum abin da ke faruwa a ƙasa. Ni kuwa na ga tana rage mini wahala sosai. Shin gaskiyarsa ce? Idan kuwa akwai wuraren da kowanne ya fi dacewa, ina so a nuna mini su.

Malama Mai Lissafi ta amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, jinkirin da abokinka yake magana a kai gaskiya ne yana faruwa, amma galibi laifin mai amfani da kayan aikin ne. Ka ɗauka kana da aji mai ɗalibai 40, kuma kana son shafin da zai nuna sunan kowane ɗalibi tare da sunan mahaifinsa ko waliyyinsa. Idan ka ɗauko ɗaliban sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana neman waliyyin kowa, Django zai aika umarni ɗaya na ɗauko ɗalibai, sannan ya aika wasu 40 na ɗauko waliyyai, jimilla 41, alhali umarni guda mai haɗa teburin bayanan ɗalibai da na waliyyai ya isa. Wannan ita ce matsalar da masana suke kira N+1, kuma ba za ka lura da ita ba a kwamfutarka inda ka saka ɗalibai biyar na gwaji, sai ranar da makaranta ta cika rumbun da ɗaruruwan sunaye. Maganinta yana cikin Django ɗin kansa: select_related yana haɗa teburan cikin umarni guda, prefetch_related kuma yana ɗauko bayanan da ke da alaƙa da yawa, kamar darussan da kowane ɗalibi yake ɗauka, cikin ƙarin umarni ɗaya kacal. Ka saka Django Debug Toolbar tun yanzu, domin zai nuna maka adadin umarnin da kowane shafi ya aika da kuma ainihin SQL ɗin da aka rubuta a madadinka.

Baban Khalifa ya amsa:

Na goyi bayan Malama, kuma zan ƙara da abin da ya taɓa faruwa da ni, wanda ya shafi sunayenmu kai tsaye. Shekarun baya na gaji wata manhaja ta wani kanti da aka rubuta SQL ɗinta duka da hannu, inda wanda ya rubuta yake liƙa abin da aka shigar a akwatin bincike cikin jimlar umarnin yadda ya zo. Komai yana tafiya lafiya har ranar da aka nemi sunan wani mai saye, Mu'azu, sai shafin ya tsaya cak. Dalili shi ne, a SQL wannan alamar da muke sakawa a Mu'azu da Sa'adatu da Rabi'u da Isma'il ita ce ke buɗe rubutu da rufe shi, saboda haka rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a "Mu", sauran kuma ya zama umarnin da bai fahimta ba. Ƙofar da sunan bawan Allah ya faɗa ta cikinta bisa kuskure, ita ce ɓarawon bayanai yake shiga ta cikinta da gangan, ya cusa nasa umarnin ya karanta ko ya goge abin da ya ga dama. A makarantar da rajistarta ke cike da A'isha da Shu'aibu, ba za ku yi mako guda ba tare da kun gamu da wannan ba.

ORM tana raba umarni da bayanan da aka shigar ba tare da ka tuna ba. Mai rubutu da hannu ma yana iya yin haka, ta hanyar barin gurbi a cikin umarnin ya miƙa sunan daban, sai dai dole ne ya tuna a kowane wuri, shi da duk wanda zai gaji aikin bayansa. Akwai kuma batun sauya tsarin tebura: tun daga Django 1.7 na shekarar 2014, tsarin yana rubuta maka matakan sauyin da kansa idan ka ƙara wani gurbi, misali lambar wayar waliyyi, kuma wanda ya zaɓi hannu zalla shi zai riƙa bin diddigin wannan da kansa.

Injiniyan Damagaram ya amsa:

Kada dai a yi wa abokin nasa rashin adalci. Idan ƙarshen zango ya zo, shugaban makaranta zai nemi takardar da ke nuna jimillar makin kowane ɗalibi, da matsakaicin aji a kowane darasi, da wanda ya zo na ɗaya da na biyu, da waɗanda ake bin su bashin kuɗin makaranta, duk a wuri guda. Irin wannan rahoto na fi son in rubuta shi da SQL tsantsa, domin PostgreSQL yana da RANK da DENSE_RANK, wato hanyoyin ba kowa lambar matsayinsa, tun fitowar 8.4 a 2009, kuma umarnin yakan fi sauƙin karantawa fiye da yadda zai kasance idan an murɗa shi ta cikin ORM, duk da cewa Django 2.0 ya kawo hanyar yin hakan a 2017. Django bai hana ka ba, yana da raw da kuma connection.cursor, hanyoyin aika SQL ɗin da ka rubuta da hannu, saboda irin wannan rana. Idan rahoton ya yi nauyi, ka sa EXPLAIN ANALYZE a gabansa ka ga inda lokacin yake tafiya. Wanda bai iya SQL ba ba zai fahimci amsar da zai samu ba, saboda haka ilimin abokinka za ku buƙace shi ko da kun bi shawarar Malama.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na saka kayan binciken da Malama ta ambata, na kuma tarar shafin jerin ɗalibai yana aika umarni daban domin kowane ɗalibi daidai yadda ta bayyana, yanzu kuwa ya koma guda ɗaya. Mun yi ittifaki da abokina cewa rajista da karɓar kuɗi za su bi ta ORM, shi kuma zai rubuta rahoton ƙarshen zango da hannu. Injiniya, saura tambaya ɗaya: idan ɗalibai biyu suka yi kunnen doki a matsayi na biyu, makarantar tana son mai bi musu ya zama na huɗu. Wanne daga cikin biyun da ka ambata zan ɗauka?

Injiniyan Damagaram ya amsa:

RANK za ka ɗauka, domin shi ne yake tsallake lamba bayan kunnen doki, ya ba ka 1, 2, 2, 4. DENSE_RANK zai ba ka 1, 2, 2, 3.