Aikin karanta wuta yana makara duk sanda na'ura ta fara tura bayani

Ɗan_Sola: Salam yan uwa. Ina haɗa na'urar caji ta sola da ESP32 (ƙaramar kwamfuta ce a guntun chip) da FreeRTOS (manhajar da ke raba wa ayyuka lokaci a kanta), aiki uku ne a ciki, ɗaya yana karanta ƙarfin wuta duk milisakan 10, ɗaya na allo, ɗaya yana tura bayani ta intanet. To da zarar na uku ya fara turawa sai na farko ya makara, jiya har batir ya yi zafi a hannuna wallahi hankalina ya tashi. Akwai yadda zan sa ayyukan su rinƙa sassauta wa juna idan aiki ya yi yawa?

Injiniya_Z: Wa'alaikumussalam ƙanina. Fara gyara fifiko tukuna, wanda ya fi yawan dawowa shi za ka ɗora sama. Tsarin masana Liu da Layland kenan tun 1973, sun nuna idan aiki uku ne kuma jimillar nauyinsu bai wuce kashi 78 na ƙarfin furosesa ba to babu wanda zai wuce wa'adi. Sassaucin da kake nema kuma akwai shi, wani masani Buttazzo ya kawo shi 1998, kowane aiki kamar roba, idan an matsu sai a ja tazararsa. Allo ya koma duk milisakan 500 maimakon 100 waye zai lura? amma karanta wutar nan kar ka kuskura ka ja shi, shi ke tsare batir. Kuma wajen sa aiki ya jira zagaye na gaba ka yi amfani da umarnin vTaskDelayUntil ba vTaskDelay ba, shi ne ke kiyaye tazarar daidai.

Hajiya_Kod: Tambaya ɗaya, na farko da na allo suna raba waya ɗaya ta I2C, wato layin da ESP32 ke magana da sauran kayan ta cikinsa? Idan aiki mai ƙaramin fifiko ya riƙe makullin wayar, matsakaici ya zo ya ture shi, babban sai ya zauna jira. Abin da ya sami na'urar bincike Pathfinder a duniyar Mars kenan 1997, ta yi ta kashe kanta tana tashi har sai da aka kunna gadon fifiko daga nan ƙasa, wato mai riƙe da makulli ya ari fifikon babban da ke jiransa har ya saki. A FreeRTOS makullin da ake kira mutex yana da shi, wanda ake kira binary semaphore ba shi da shi.

Ɗan_Sola: Kai Hajiya kamar kina gabana, semaphore ɗin na saka! Na canja zuwa mutex, na kuma maida karatun wuta kan kwakwalwar furosesa ta biyu tunda ESP32 biyu gare shi. Tun la'asar yake gudana bai makara ba. Yaya Injiniya maganar robar nan, da hannu zan rubuta ta ko?

Injiniya_Z: Eh da hannu, ka auna nauyi sannan ka canja tazarar allo. Turo kod ɗin in duba maka da dare.