Dan Allah a ba ni shawara, foka ta fara cinye min kuɗin rufin gida

Salam 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana dan Allah. Ina tuƙin tasi a New York shekara bakwai kenan, iyalina suna nan tare da ni. Bara wani abokin aiki ya ce in raka shi Atlantic City da ke jihar New Jersey mu sha iska, tafiyar awa biyu da ɗan wani abu ce a mota, to a can ya shigar da ni wani gidan caca ɓangaren da ake buga foka, irin wadda suke kira Texas Hold'em. Kowa a ba shi karta biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya, uku da farko sannan ɗaya sannan ɗaya, kana zuba kuɗi kana karantar fuskar mutane. Na zauna teburin dala 1 da 3, wato na ƙaramin zubi, na sayi cips, 'yan kwabban da ake wasa da su a madadin kuɗi, na 200, wlh kafin asuba na tashi da 740. Tun daga ranar kusan duk Juma'a da dare ina can, maiɗakina ta ɗauka aikin dare nake. Jiya na zauna na yi lissafi, dala 6,300 sun tafi a wata takwas, ciki har da 4,000 na adashi da na kwasa don rufin gidan da nake ginawa a Zariya. Abin da ke riƙe ni shi ne foka ba kamar injin nan da ake dannawa ba ce, ba da gidan kake wasa ba, da mutane ne, wanda ya fi iyawa shi ke ci, kuma ni ina ganin na fara iyawa sa'a ce kawai ta juya min baya. Tambayata biyu, shin wannan ma caca ce a addini tunda akwai ƙwarewa a ciki? Na biyu in ci gaba har in maido da na adashin sannan in daina, ko yaya?

Tsohon Ɗan Karta: Ɗan uwa ni na yi shekara huɗu a kujerar da kake zaune, bari in tambaye ka, ka taɓa lura da hannun mai rabon karta kafin ya turo wa wanda ya ci kuɗinsa? Akwai ɗan rami a gefensa da yake jefa cips. Wannan la'adar gidan ce, galibi kashi 10 cikin ɗari na abin da aka tara har ya kai dala biyar ko shida, wasu su ƙara cire ɗaya ko biyu wai na garaɓasa, ga tukuicin dala ɗaya da kake miƙa masa duk sanda ka ci. A awa ɗaya ana raba karta sau 25 zuwa 30. Ko ka ce dala 4 kacal ke fita duk zagaye, ai sama da 100 kenan ta bar teburin a awa. Ku tara ne a zaune kowa da 200, jimla 1,800. To lissafa da kanka, ko babu wanda ya fi wani iyawa, in kuka yi ta zama kuɗin gaba ɗaya ramin nan za su gangara. Shi ya sa gidan bai damu da waye ya ci ba, lemo ma kyauta suke kawo maka, babu agogo a bango babu taga, kai dai kar ka tashi.

Maman Hanif: Innalillahi. Ni ba lissafin ne ya dame ni ba, baiwar Allah da take zaune tana maka addu'ar Allah ya tsare hanya alhali kana can kan tebur. Ka gaya mata. Za ta yi kuka, za ta yi fushi, amma gara ta ji daga bakinka da ta ji daga bakin masu adashi ko magini ya bugo waya yana tambayar kuɗin kwano.

Malam na Harlem: Wa alaikumus salam. Amsar tambayarka ta farko, caca ce. Malamai ba su duba ko akwai wayo a ciki ko babu, abin da ake dubawa shi ne kowa ya sa dukiyarsa, ɗaya ya kwashe sauran su tashi hannu rabbana, kuma ba wanda ya san yadda za ta kaya. Ƙwarewar da kake faɗa ma ai ta cin kuɗin wanda bai kai ka wayo ba ce. Ka karanta Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, an haɗa ta da giya an ce a nisance ta, aka kuma ambaci gaba da ƙiyayya da shagaltarwa daga sallah. Tsakaninka da Allah, asubar Asabar nawa ka samu a kan lokaci cikin wata takwas ɗin nan? A Buhari da Muslim ya zo cewa wanda ma ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka, faɗa kawai fa. Batun maido da kuɗi kuwa, ko ka ci ba halal ɗinka ba ne balle ka rufa gidan da 'ya'yanka za su kwana a ciki.

Ɗan Agadas: Ni fa a faɗi gaskiya akwai masu ci da ita. Chris Moneymaker ma'aikacin akanta ne kawai, a 2003 ya shiga gasar foka ta duniya ta Las Vegas ta wata ƙaramar gasar intanet da bai sa ko dala ɗari ba, ya tashi da miliyan biyu da rabi. Ba wai ina ce ka yi ba, amma kar a ce duk sa'a ce.

Tsohon Ɗan Karta: Ɗan Agadas mutum 839 ne suka shiga gasar nan, kujera ɗaya dala dubu goma, sunan nawa ka riƙe a cikinsu? Kuma labarin nan shi ya cika ɗakunan foka da irinmu. E akwai iyawa ban musa ba, amma masu rayuwa da ita suna ware jari na musamman da ya ninka abin da suke zama da shi sau ashirin ko fiye, suna rubuta duk awar da suka buga, kuma da irin mai tambayar nan suke cin abinci, direba da ya yi awa goma sha biyu a kan titi ya zo a gajiye yana neman fansa. Ana cewa in ka zauna rabin awa baka gane waye saniyar tatsa a teburin ba to kai ne. Ko karta mafi ƙarfi, A guda biyu, sau ɗaya take zuwa cikin rabo 221, kuma in ka kara da mai wasu karta biyu masu lamba ɗaya kusan sau ɗaya cikin biyar zai doke ka. Ranar da aka min haka na je na'urar cire kuɗi sau uku a dare ɗaya, na ƙarshen da katin bashi, ga ruwa a kai. Wannan "in maido sannan in daina" da ita na kai dubu goma sha ɗaya.

Baban Yara: Kai dai ka ji kunya wlh, mutane na neman bizar da ka samu ido rufe.

Maman Hanif: Haba Baban Yara, wanda ya tona kansa ya zo neman gyara ai ba a yi masa haka.

Anti Nas: Ƙanina ga abin da za ka iya yi a satin nan. Jihar New Jersey tana da rajistar hana kai shiga gidan caca, kai da kanka za ka sa sunanka, shekara 1 ko 5 ko har abada, kuma ta shafi duk gidajen Atlantic City. In ka saci jiki ka shiga za su fitar da kai, abin da ka ci ma ba za a ba ka ba. Amma ka sani Pennsylvania da Connecticut kowacce da tata rajistar, kar shaiɗan ya ce maka ai can ba su san ka ba. Akwai layin 1-800-GAMBLER kyauta ne dare da rana, ba sai ka faɗi sunanka ba. Katin banki ka damƙa wa madam na ɗan lokaci, shi kuma abokin nan naka ka ce masa ka daina, in ya ci gaba da kira ka toshe lambar.

Mai tambaya: Na gode duka har da Baban Yara. Lissafin ramin nan ya tsaya min a rai, ban taɓa kallon wurin ba sam. Rajistar zan yi ta shekara biyar in sha Allah. Maganar madam ce ke min nauyi, ban san ta inda zan fara ba, kuma gobe Juma'a, tun ɗazu mutumin ya turo saƙo wai ƙarfe tara zai biyo min.

Malam na Harlem: Kar ka amsa masa. Ka same ni bayan sallar Juma'a a bakin ƙofar masallaci, na turo maka lambata ta inbox. Tuwon dare a gidana za ka ci, daga nan in raka ka gida mu yi mata bayanin tare.