'Yata ta ce lissafi suke yi, ni kuwa kyanwa nake gani a kwamfuta

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen malamai da iyayen da suka riga ni ganin wannan abu.

'Yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Tun farkon zangon nan malamin lissafinsu ya raba musu mako gida biyu. Kwana uku lissafin kasuwa, wato riba da faɗuwa, ragi, kashi cikin ɗari. Kwana biyu kuma a ɗakin kwamfuta suna wani abu wai shi Scratch. Ranar Asabar ta ari kwamfutar babanta ta nuna min aikinta: wata kyanwa ce ruwan goro take tambaya "nawa kika saro, nawa kika sayar", sai ta faɗi ribar. Na ce madalla, amma da dare abin ya tsaya min a rai. Wa ya yi lissafin, ita ko kyanwar?

A katinta ta ci 68, wancan zangon kuwa 51 ne, malamin har ya rubuta tana ci gaba. Baɗi za su zauna BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kuma can biro ne da takarda. Ni ɗinki nake yi, lissafina a tef ɗin awo ya tsaya. Yaya zan gwada ta a gida ba tare da na je na yi wa malami titsiye ba?

Malamin Alli ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarata 14 ina koyar da lissafi a Zariya, kuma ina amfani da Scratch duk ranar da aka samu wuta.

Kwantar da hankalinki, kyanwar nan ba ta san komai ba. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro manhajar, aka sake ta kyauta a 2007 don yara. Maimakon rubutu, yaro yana jera umarni ne kamar tubali, ɗaya kan ɗaya. Kafin kyanwa ta faɗi riba, sai yarinya ta buɗe ma'aji biyu, ɗaya na kuɗin sari, ɗaya na kuɗin sayarwa, ta ce a ɗebe na sari daga na sayarwa. Wannan ma'ajin shi ne x ɗin da yara suke gudu a aljebra. Na sha ganin yaron da x ya gagare shi a allo, da ya ga lamba tana canzawa a cikin ma'ajin sai ya ce "au, dama wannan ne?"

Inda ake cuta shi ne kwafa. Yaro ɗaya ya haɗa, goma su kwaikwaya, kowa ya ci maki. Don haka rufe kwamfutar ki ba ta wannan: kin sayi atamfa naira 8,000, kin sayar 10,000, ribar kashi nawa ce? Idan ta ce 25, ta san da kuɗin sari ake rabawa. Idan ta ce 20, da kuɗin sayarwa ta raba, kuma wannan kuskuren yana kayar da ɗalibai da yawa a jarrabawa. Daga nan buɗe kwamfutar ki ce ta gyara aikin yadda kyanwar za ta ce "an faɗi" idan sari ya fi sayarwa. Wanda ya kwafa a nan yake yin tsuru-tsuru.

Af, duba wajen zaɓen harshe a saman manhajar, akwai Hausa a ciki. Za ki iya karanta tubalan da kanki.

Ɗan Kwari ya amsa:

Hajiya ni ba malami ba ne, yadi nake sayarwa, amma bari in sa baki. Ga tambayar da nake yi wa duk yaron da aka kawo min shago. Kayan 10,000 ne, aka ƙara kashi 20 saboda sallah, bayan sallah aka rage kashi 20. Nawa ya koma? Kusan dukkansu cewa suke 10,000. Ina! Ya hau 12,000, kashi 20 na 12,000 kuwa 2,400 ne, ya sauka 9,600. Har masu digiri na gani sun faɗa ramin nan.

Sannan ki tara mata rasit na manyan kantuna. Tun Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5, wato kayan 20,000 akwai 1,500 a kai. Ta duba ko lissafin na'urarsu ya yi daidai da nata. Kuma tunda ɗinki kike yi, me ya fi wannan? Ta zauna ta fitar miki da abin da riga ɗaya take ci, zare, shafi, zif, man janareta, sannan a ga abin da ya rage a kuɗin ɗinkin. Ki shirya dai, wataƙila ki gano kyauta kike yi wa wasu kwastomomin.

Baban Sadiq ya amsa:

Ni fa ban cika yarda da wannan yayi ba. A makarantar nawa yaron an karɓi kuɗin kwamfuta zango uku, kodin ɗin kuma, wato umarnin da ake ba kwamfuta, a allo ake rubuta musu, su kwafa a littafi, saboda babu mai a janareta. Yaro yana aji uku, ka ce bakwai sau takwas sai ya lalubi waya. Kwana biyu cikin biyar ba kaɗan ba ne, Hajiya. Ki tambayi malamin ko za su gama manhajar karatun shekarar, domin akwai kusurwoyi da faɗin fili da aljebra, duk suna fitowa a BECE, kuma kyanwa ba za ta koya mata riƙe kamfas ba.

Maman Ilham ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na gwada ta. Ta atamfa ta ce 25 ba tare da ɓata lokaci ba. Gyaran kyanwar ya ɗauke ta kusan minti ashirin, ta yi ta ƙunƙuni, amma ta yi, har ta ƙara da cewa idan kuɗin biyu daidai ne a ce "uwar kuɗi ce ta dawo". Ta Alhaji Ɗan Kwari kuwa ta kayar da ita, 10,000 ta ce, ta kuma yi min musu sai da ta sa a kwamfutar ta ga 9,600. Babanta ma yana gefe ya ce 10,000 ne, ya yi shiru daga baya.

Baban Sadiq, maganarka ta shige ni. Na duba littafinta, rabon su da kusurwoyi tun wancan zangon. Ranar Litinin zan kai ta da kaina in tambaya.

Lissafin rigar kuma mun fara. Ashe ban taɓa sa kuɗin gawayin guga ba.