Ƙarfin gwamnatin tsakiya ne ya ceci Amurka? Muhawarar Hausawan Legas

Malamin Agege: Salamu alaikum jama'a. Masu cewa a rage wa Abuja ƙarfi, ina so su leƙa tarihin Amurka. Daga 1781 zuwa 1789 sun gwada zaman da jihohi 13 ke riƙe da komai, gwamnatin tsakiya kuwa sai suna. Ba shugaban ƙasa, ba tsarin kotunan tarayya, majalisa ba ta da ikon karɓar ko sisi na haraji. Takarda take aika wa jihohi tana roƙo, wadda ta ga dama ta biya. Sai da suka taru a Filadelfiya a 1787 suka rubuta sabon kundin tsarin mulki sannan ƙasar ta tsaya da ƙafarta.

Ɗan Mile 12: Allah gafarta Malam, ai wannan majalisar da kuke rainawa ita ta ja yaƙi da Ingila har aka yi sulhun Paris a 1783.

Malamin Agege: Da bashin Faransa da Holan ta yi yaƙin, ɗana, da aka gama kuma ta rasa na biya. A wannan shekarar sojojinta da ke bin albashi suka kewaye zauren majalisa, 'yan majalisar suka kwashe komatsansu suka gudu Princeton. Sau biyu suna neman izinin karɓar kashi 5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje. Na farko ƙaramar jihar Rhode Island ta ce ba ta yarda ba, na biyu New York ta kawo cikas. Shi ke nan magana ta mutu, don dokar da ta haɗa jihohin ba ta gyaruwa sai duka 13 sun sa hannu.

Direban Apapa: Ta New York kam na gane ta. Mai tashar jirgin ruwa ba ya sakin kuɗin kwastan da daɗin rai. Mu da ke kwana a layi muna jiran kwantena mun san abin da ke shigowa. Da Legas ce ke cin na Apapa da Tin Can ita kaɗai, da Jigawa ba ta ga ko kwabo ba. A nan ina bayan Malam.

Hajiya Lauya, Obalende: Malam, tarihinku ba gyara. Hukuncin da kuka ɗora a kai ne ya yi masa nauyi. Kundin 1787 ƙirga wa tarayya ikonta ya yi: haraji, ciniki da waje da tsakanin jihohi, buga kuɗi, gidan waya, yaƙi. A 1791 kuma gyara na goma ya ce abin da ba a ba ta ba, na jihohi ne da jama'a. Shi ya sa can jihohi da garuruwa ke riƙe da 'yan sandansu. Namu na 1999 da sojoji suka bar mana ya zo da abubuwa 68 da Abuja kaɗai ke taɓawa, sashe na 214 kuma ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak. Layin dogo da wutar lantarki ma sai a 2023 aka sakar wa jihohi mara. Su daga rami suka fito, mu muna bisa tsauni, ta yaya shawara ɗaya za ta yi mana?

Ɗan Mile 12: Kar ku manta da 2004, Hajiya. Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas don Tinubu ya ƙirƙiro 37 a kan 20 da kundi ya sani.

Malamin Agege: To wa ya raba gardamar? Kotun ƙoli. Abin da Amurka ba ta da shi ke nan kafin 1789.

Hajiya Lauya, Obalende: Kotu ta ce riƙewar ta saɓa wa doka a Disamban 2004, amma ragowar kuɗin bai fito ba sai da marigayi 'Yar'aduwa ya hau a 2007. Kuma ko Amurkar, kundin bai hana ta yaƙin basasa a 1861 ba, don sun rufe maganar bauta ne suka wuce.

Ɗan Mile 12: Ni ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Cikin abin da ya kai su Filadelfiya har da jiha tana sa wa kayan maƙwabciyarta haraji, New York tana cajin kwale-kwalen New Jersey masu kawo mata itace da kayan lambu. Kundi ya hana wannan. Mu fa? Tirelar tumatir ta taso daga Kura, ta bi Kaduna, Neja, Kwara, Oyo, Ogun, ko'ina sai ka tarar da katako mai ƙusoshi a gicciye da yaro riƙe da rasit. Direba ya biya, ya ƙara gaba, ya sake biya. Kafin a sauke a kasuwa kwandunan ƙasa sun fara tsiyaya. Ciniki tsakanin jihohi yana cikin 68 ɗin nan, ko ba haka ba Hajiya?

Hajiya Lauya, Obalende: Yana ciki.

Malamin Agege: Ka ga kenan ƙarfin bai ma isa ba.

Direban Apapa: Ko kuwa ya yi yawa har mai shi ya rasa wanda zai fara riƙewa. Malam, in an ƙara wa Abuja na 69, wa zai ɗage katakon?