Gwangwanin tarar mai a tsohon inji: gyara ne ko rufa-rufa?

Mai Beetle: Salam jama'a. Na haɗa wa motata Beetle ta 1967 gwangwanin tarar mai da hannuna, don ya tare man da yake fitowa da numfashin inji, kwalbar alminiyon ce mai cin lita 1, na huda ta wuri biyu, tiyo ɗaya ya taso daga bututun numfashin inji ya shiga, ɗaya ya fita zuwa iya kilina, a ƙasa kuma na sa ɗan famfo na zubarwa. To bakaniken da yake duba min motar ya ce wai aikin banza ne, lafiyayyen inji ba ya buƙatarsa, duk wanda ya sa to ringinsa ne ya mutu yake ɓoyewa. Ni dai ban yarda ba. Ku me kuka gani?

Tsohon Bakanike: Gaskiya ya faɗa maka ɗana. Wannan man ba haka kawai yake fitowa ba, iskar ƙuna ce take sulalewa ta gefen ringi ta gangara ƙasan inji, sannan ta taso da tururin mai tana neman hanyar fita. In ringi ya cinye sai ta yawaita. Je ka a auna maka kamfireshan, wato ƙarfin matse iska a silinda, tukuna.

Mai Walda: Baba da girmanka, amma ai babu injin da iskar nan ba ta sulalewa, ko yau aka fito da shi daga kamfani. In ba haka ba me ya sa suka yi masa hanyar numfashi tun farko? Motocin da can bututu ne kawai yake leƙawa ƙasan mota, iskar gudu ce take zuƙo tururin ta watsar a titi, in mota tana silo ko tana tafiya a hankali ma ba ya aiki sosai. Sai a motocin 1961 Kalifoniya ta fara da bawul ɗin PCV mai mayar da tururin cikin inji ya ƙone, zuwa 1963 kusan duk sababbin motocin Amurka sun samu. Kenan matsalar tana nan ko ringi garau yake.

Tsohon Bakanike: To ka kawo hujjata da bakinka. Tunda kamfani ya mayar da shi ya ƙone, a bar shi ya ƙone mana.

Mai Beetle: Baba abin da yake komawan ne ya dame ni. Da na buɗe famfon, ba mai zalla na gani ba, wani abu ne fari-fari mai kauri, ruwa da mai da warin fetur a cakuɗe, kuma da duk kafireta zai bi.

Mai Tsere: Wannan farin abin ruwa ne, ƙonewar fetur tana haifar da tururin ruwa, in inji bai yi zafi sosai ba sai ya koma ruwa ya gauraya da mai. Kuma tururin mai in ya shiga silinda yana rage wa fetur ƙarfin jure ƙwanƙwasa, wato ƙarar da inji yake yi in fetur ya ƙone ba daidai ba, ga fulogi da yake yin baƙi. A tseren tsofaffin motoci ma dokar FIA ce, hukumar tseren motoci ta duniya, in numfashin inji a buɗe yake dole a sa tanki, lita 2 ga injin da bai wuce lita 2 ba, lita 3 ga wanda ya fi.

Tsohon Bakanike: Wannan don kar mai ya zuba a filin tsere na baya ya zame ne, ba don lafiyar inji ba. Kuma ku daina kwaso maganar sababbin motoci masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda, su ne bawul ɗinsu yake daskarewa da baƙin datti saboda fetur ba ya bi ta kansa. Mai kafireta kullum fetur yana wanke masa bawul.

Mai Tsere: Na bawul kam na yarda Baba, amfanin a nan kaɗan ne. Amma na fulogi da ƙwanƙwasa ina nan kan bakana.

Mai Walda: Ni tsorona ba ko yana da amfani ba ne, yadda ake haɗa shi ne. Malam mai Beetle, faɗin tiyonka nawa ne? In ya fi bututun asali ƙanƙanta to ka shaƙe injin, kuma injin Beetle ba shi da sil a wajen fulli, wani ɗan faifai ne da zaren da aka yanka a jikin fullin suke mayar da mai ciki, da iska ta matse a ƙasan inji ta nan man zai fara feso maka, sai ka ga gwangwanin da ka sa don tsafta shi ya jawo yoyo. Sannan me ka zuba a ciki? Kwalba fanko ba ta tarar abin kirki, tururin zai shiga ta nan ya fice ta can.

Mai Beetle: Tiyon daidai yake da na asali, kuma mai jure mai ne, ban sa na ruwan lagireto ba. A ciki na zura bututun shiga har kusa da ƙasa, sama na cusa soson ƙarfe.

Mai Walda: Wane iri? In mai laushin nan ne da yake tsatsa cire shi yau ɗin nan, ruwan ciki zai cinye shi ya farfashe, kuma tunda ka mayar da tiyo iya kilina ɓurɓushin inji zai nufa. Nemi mai kaurin da ba ya tsatsa, ka sa raga a samansa, kar ka danna shi da yawa. Bututun shigan ma ɗaga shi zuwa tsakiya, in abin ya taru ya rufe bakinsa ka sake toshe numfashin.

Tsohon Bakanike: Kun ga abin da nake gudu, kayan da in an manta ba a zubar ba zai jawo ɓarna. Har yanzu ban ga dolensa ba a motar yawo. Amma tunda ka riga ka sa, to ka riƙa auna abin da yake tarawa da kilomitar da ka yi, in ka ga yana ƙaruwa kuma mai ya fi ruwa yawa, kar ka nemi babban gwangwani, ringi za a duba.

Mai Beetle: To Baba, zan auna kamfireshan ɗin silinda huɗun in kawo muku. Malam mai walda, ragar a saman soson kawai ko har da ƙasansa?

Mai Walda: Duka biyu, ta ƙasa ta riƙe shi kar ya nutse cikin abin da ya taru, ta sama ta tare ɓurɓushi.